Dajin da Ke Ƙaruwa: Yadda Ake Auna Lafiyar Kurmin Mbam da Jerem

A kudu da Tibati, a ƙasar Kamaru, akwai wani daji da ke yin abin da kunne bai saba ji ba a wannan zamani: ƙaruwa yake yi. Ko'ina ka juya labarin sare itatuwa ne da gurgusowar hamada, amma a nan kurmi ne ke cin fili. Tsofaffin makiyaya za su nuna maka inda suka yi mashekari suna samari, wurin da a da mutum ke hango saniyarsa daga nesa, yau kuwa sai duhuwa da ƙudan tsando. Ba kuma hirar tsofaffi ba ce kawai. Wasu masu bincike na Jami'ar Edinbara da ke Birtaniya sun jera hotunan tauraron ɗan'adam na 1986 da 2000 da 2006, suka fitar da sakamako a 2009: tsakanin 1986 da 2000 itatuwa sun ƙara rufe fiye da kashi 12 cikin ɗari na yankin da suka duba, inda aka samu raguwa kuwa bai kai kashi 1 cikin ɗari ba.

Da jin haka sai mutum ya ce alhamdu lillahi, ga daji ɗaya da ya tsira. Ni dai ba zan yi saurin faɗin haka ba. Wannan wuri ya nuna ƙarara cewa “daji ya ƙaru” da “daji yana lafiya” magana biyu ce, kuma kowace da irin awon da ake yi mata.

Gandun da ake magana shi ne na Mbam da Jerem. Gwamnatin Kamaru ta keɓe shi a watan Janairun 2000. Faɗinsa hekta dubu 416 da 'yan kai, wato sama da murabba'in kilomita 4,000, kuma ya taɓa jihohi uku: Adamawa da Tsakiya da Gabas. Kogin Jerem ya ratsa shi daga arewa zuwa kudu bayan ya fito daga madatsar ruwan Mbakau, can gaba ya haɗu da kogin Lom su zama Sanaga. Arewacin gandun fili ne mai doguwar ciyawa da itatuwan da muka sani, maje da baushe da namijin kaɗanya da jan yaro, sai siraran kurame da ke bin bakin rafuka. Kana yin kudu kuramen suna kauri suna haɗewa, har ka tsinci kanka a kurmi sosai, irin wanda da ƙyar rana ke taɓa ƙasa. Shi ya sa gandu ɗaya ya haɗa dabbar fili da ta kurmi: mariya da gwambaza da mugun dawa a nan, giwa da biri mai ganga (wato cimfanzi) a can, ga dorina cikin kogi. Tsuntsaye kaɗai an lissafa fiye da iri 360.

Man fetur ɗin Cadi ne ya haifi gandun. Da za a shimfiɗa bututun mai daga yankin Doba zuwa Kiribi, tsawon kilomita 1,070, Bankin Duniya da ya sa hannu cikin aikin ya ɗora sharaɗin a biya diyyar dajin da za a ɓata. Diyyar ita ce gandaye biyu, Kampo-Ma'an a bakin teku da wannan namu. Aka kafa gidauniyar FEDEC, aka zuba mata dala miliyan 3.5 don ta riƙa tallafa wa gandayen biyu da kuma mutanen kurmi da bututun ya bi ta ƙasarsu. Duk ɗan kasuwa ya san iyakar abin da wannan jari zai iya yi wa ƙasa mai irin wannan faɗi shekara da shekaru. A 2003 ƙungiyar kare namun daji ta Amurka mai suna WCS ta fara aiki da ma'aikatar gandun daji a wurin, har da ƙidayar namun daji.

Mu Hausawan Tibati da Ngaundal da Yoko ba 'yan kallo ba ne a wannan labari. Kakanninmu fatake sun bi wannan hanya tun ƙarni na 19, daga Tibati zuwa Yoko har Ngila a ƙasar Babute, kuma hauren giwa na cikin manyan abubuwan da suka kai su. Yau jikokinsu ne ke sarin banda a Mbakau da zuma a Ngaundal, su ne dillalai a tike, wasu ma su ne masu garken da Mbororo ke korawa cikin gandun da rani. In ana lissafin dajin nan, har da mu ake lissafawa, ko mun sani ko ba mu sani ba.

Abin da ake gani daga sama

Hoton tauraron Landsat, wanda tun 2008 kowa ke iya saukewa kyauta, yana raba ƙasa gida-gida, kowane gida mita 30 tsawo mita 30 faɗi. Abin da yake iya faɗi shi ne ko ganye ya rufe gidan ko bai rufe ba. A nan ya ce yana rufewa, kuma dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Ruwan saman yankin ya wuce milimita 1,500 a shekara, ruwan da ya ishi kurmi. Wuta ce ta daɗe tana tsare filin. Duk shekarar da aka yi gobara mai ƙarfi a ƙarshen rani sai ta ƙone 'yan itatuwan da suka tsiro a bakin kurmi. Inda wutar ta yi rauni, ko aka cinna ta da wuri ciyawa da sauran danshi, sai su tsira. Shekara kaɗan sun yi inuwa, ciyawa ta mutu a ƙarƙashinsu, wuta ta rasa abin ci, shi ke nan kurmi ya ƙara taku ɗaya. Masana na ƙara da cewa yawaitar iskar kabon a sararin sama tana taimaka wa itace fiye da ciyawa.

Sai dai tauraro ba ya bambanta sabon kurmi mai siraran itatuwan kimba da tsohon kurmi mai manyan loko da rimi, kuma ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ganye. Kamar ka hangi rumbu ne a tsaye da jinkarsa lafiya lau, ba ka san ko gara ta gama da hatsin ciki ba. A tsakiyar Afirka akwai kurame da yawa da suke kore shar daga sama amma tarko da bindiga sun share su. Tsakanin 2002 da 2011 giwayen kurmi na wannan yanki na Afirka sun ragu da kashi 62 cikin ɗari, a 2021 kuma aka sa su a jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa, alhali hoton sama na wurare da yawa bai canza ba. Illar kuma ba ta tsaya kan dabbar ba. Yawancin itatuwan kurmi dabba ce ke shuka su. Giwa ta haɗiye 'ya'yan itace ta je ta kasayar da ƙwallon a nesa cikin taki, haka biri, haka cilakowa, haka gada. In suka tafi, manyan itatuwan za su ci gaba da tsayuwa shekara hamsin ko ɗari, amma ba su da magada.

Tafiya a kan layi

Aikin da ya fi ba da amsa shi ne wanda ba kowa ke sha'awarsa ba: tafiya da ƙafa a kan layi miƙaƙƙe. Kwamfuta ce ke zana layukan a taswira, a warwatse ko'ina cikin gandun, kowane kilomita ɗaya ko biyu, ba ruwanta da inda hanya take ko inda fadama take. Da gangan ake yin haka. In aka bar mutane su zaɓa, inda suka san akwai nama za su bi, ko inda tafiya ta fi sauƙi, lissafi ya karkace tun ba a fara ba.

Mai kamfas ne ke nuna saiti, mai adda yana gabansa yana buɗe hanya, kuma an gargaɗe shi kada ya sare fiye da abin da mutum zai ratsa, don layin da aka share da kyau gobe ya zama titin maharba. A baya akwai mai duban sama da mai duban ƙasa, sai mai rubutu da na'urar da ke nuna inda ake. Ba a hira, ba a sauri. A kurmi mai duhu kilomita ɗaya na iya cin awa biyu ko fiye. Da wuya su ga dabbar ido da ido. Abin da ta bari suke nema.

Biri mai ganga, wanda 'yan boko ke kira cimfanzi, kullum magariba sai ya hau itace ya tanƙwara rassa ya saƙa wa kansa sheƙa, gobe kuma ya yi sabuwa a wani wuri. Duk wanda aka yaye yana yin tasa, jarirai ne kawai ke kwana da uwa. Da mai duban sama ya ɗaga hannu sai kowa ya tsaya. Na ga yadda wannan tsayuwa take a gefen wani rafi, tsakanin wani matashin ekogad, wato mai gadin daji, da ya fito daga makarantar namun daji ta Garwa da wani dattijo da ya yi rabin rayuwarsa yana farauta kafin a ɗauke shi ja-gaba. Yaron ya nuna wani dunƙulen ganye can ƙololuwa, har ya zaro biro.

“Dakata, ɗana,” in ji dattijon. “Wannan kauci ne. Dubi reshen, an karya shi?”

“Ba a karya ba, Baba.”

“To, shi in zai kwanta sai ya karya ya lanƙwaso ciki. Juya bayanka ka ga tasa.”

A bayan nasu kuwa, kan wani ɓaure, ga sheƙa uku a jere, ganyensu bai ko yi yaushi ba, ƙasan itacen yana warin fitsari. Daren jiya aka kwana a nan. Aka ja tef daga tsakiyar layi zuwa daidai ƙarƙashin kowace sheƙa, aka rubuta nisan har da santimita, da irin itacen, da tsayinsa, da shekarun sheƙar: ɗanya ce, ko ta fara bushewa, ko ta yi ja, ko saura ƙarare kawai.

Jan tef ɗin nan shi ne ran aikin. Sheƙar da ke saman layi kusan duk ana ganinta, ta mita goma ana ganin wasu, ta mita talatin sai an yi sa'a. Daga yadda gani ke raguwa da nisa ne ake ƙiyasta adadin waɗanda ido ya tsallake. Ma'aikacin da gajiya ta sa ya riƙa cewa “a rubuta mita goma” ba tare da ya ja tef ba, ya ɓata wahalar ayarin duka.

Bayan an dawo gari kuma akwai wani ramin da ake faɗawa. A ɗauka, don misali kawai, an samu sheƙa 120 a kowane murabba'in kilomita. Biri ɗaya yana yin kusan sheƙa ɗaya a rana. In sheƙa tana kwana 120 kafin ta ruɓe ta ɓace, to biri ɗaya ne ya tara su duka. In kwana 60 take yi, biyu ne. In kwana 240 ne, rabi ne. A faɗin murabba'in kilomita dubu, wannan shi ne bambancin biri 500 da biri 2,000, daga takarda ɗaya da tafiya ɗaya. Shekaru da yawa masu ƙidaya a Afirka suna aron wannan adadi daga wani kurmi mai wani irin ruwa da wasu irin itatuwa. A Mbam da Jerem sai da wani masani ɗan Kamaru, Serge Kamgang, da abokan aikinsa suka bi sababbin sheƙu suka yi musu alama, suka dinga komawa har kowace ta ɓace, suka samu kimanin wata huɗu. Aiki ne mai cin rai, amma ba don shi ba duk adadin da aka faɗa kintace ne. Kuma wannan biri ba na wasa ba ne: irinsa a arewacin kogin Sanaga da Najeriya kawai yake, gandun Gashaka-Gumti na cikin manyan mafakarsa, kuma duk duniya ana ƙiyasta tsakanin 3,500 da 9,000 suka rage.

Giwa ma haka ake yi mata, da kashinta. Tun 1992 wani masani, Martin Tchamba, ya bi giwaye a dajin Sancu da ke yammacin Kamaru ya samu kowace tana ajiye tuli kusan 20 a rana. Sauran lissafin ya rataya ne kan kwana nawa buzuzu da gara da ruwan sama ke ɗauka kafin su share tulin, abin da ke bambanta tsakanin damina da rani, da tsakanin inuwa da sarari.

A kan layin nan dai ake rubuta sawunmu mu ma. Tarkon waya, kwanson harsashi, bukkar maharba da ragar bandar nama, kashin shanu, reshen da aka sassabe wa garke, itacen da aka ƙone don zuma. Ana raba adadinsu da kilomitan da aka taka. A ganina wannan shafi ya fi na dabbobin saurin faɗin gaskiya. Macen biri mai ganga sai ta yi shekara biyar ko fiye tsakanin haihuwa da haihuwa, kuma ƙiyasin yawansu yana da faɗin kuskure, don haka kafin takarda ta nuna sun ragu an riga an makara. Tarko kuwa in ya ninka bana, bana za a gani.

Akwai dabbobin da ba sa barin sheƙa ko tulin da za a ƙirga. Su ake ɗaura wa kyamara a gindin itace daidai gwiwa, a bar ta wata guda, duk abin da ya gitta ta ɗauka, dare ko rana. Ita ke kamo damisa da gada iri-iri da ɗan kunya, wanda cinikin ɓawonsa zuwa Asiya ya sa a 2016 ƙasashen duniya suka hana fataucinsa kwata-kwata. Kyamara tana da nata maƙiya: danshi, tururuwa, gobara, giwa mai son bincike, da kuma mutum, wanda ke cire ta don tsoron kada hotonsa ya isa hannun jandarma. A gandun Korup da ke kudu maso yamma an ɗaura na'urorin naɗar sauti a kan itatuwa tun 2013, aka ƙirga ƙarar bindiga, sai ga shi yawancin harbin da dare ake yi. Darasin ya shafi kowane kurmi: rahoton sintirin da aka yi da rana ba shi ne labarin daji ba.

Kwalin Hajiya

Lafiyar gandun ba ta tsaya a tudu ba. Madatsar Mbakau, da aka gina a 1969 don a riƙa tara ruwan damina ana sake shi da rani saboda injinan lantarki na Edeya, ta tara masunta daga ko'ina, har da namu. A ƙasan madatsar kogin ya shiga gandu, inda bisa doka ba a su. Maimakon a yi ta kora da ƙwace kalli, an yi yarjejeniya da ƙungiyoyin masunta: mai rajista ya shiga a lokacin da aka buɗe, a rufe lokacin hayayyafa, ba bindiga, ba tarko, ba nama a cikin jirgi. Irin wannan yarjejeniya ba ta da ma'ana sai ana auna abin da ake fitarwa.

Awon kifi ba yawan kwanduna ba ne. Kasuwa na iya cika da banda alhali kogi yana mutuwa, in masunta sun ninka ko an koma kalli mai ƙananan ido. Abin da ake so a sani shi ne kilo nawa jirgi ɗaya ya samu a kwana ɗaya da kalli nawa, wane iri ne, kuma tsawonsa nawa. Shi ya sa za ka ga yaro a bakin ruwa da sikeli da allon awo yana shimfiɗa karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa ɗaya bayan ɗaya, masunta suna harararsa don yana ɓata musu lokaci ƙuda na bin kaya.

Wata Hajiya mai sarin banda, wadda ta fi shekara ashirin tana loda kwalaye zuwa Ngaundere, ta tsaya tana kallon wani irin wannan yaro har ya gama.

“Kai ɗan nan, me kake nema a jikin kifin nan?”

“Tsawonsa, Hajiya. Ana so a ga ko yana ƙanƙancewa.”

“Ai da ka tambaye ni. Da, tarwaɗa arba'in ke cika mini kwali. Bana sai na haura sittin, kuma kwalin bai canza ba.”

Maganar mutum ɗaya ba hujja ba ce. Wataƙila masuntan da take saye a hannunsu ne suka canza wuri, wataƙila yadda aka saki ruwan madatsa ne a shekarar, tunda kogin da ke cika da rani bisa umarnin masu lantarki ba ya bin kalandar kifi. Amma a lura da abin da ta yi: ma'auni ɗaya, wuri ɗaya, shekara ashirin. Abin da masana ke kashe miliyoyi su samu ke nan. Irinta sun kai goma a kowace kasuwar kifi, wasu ma da littafin bashi da ya haura shekara goma, kuma da wuya a ga mai bincike ya zauna a rumfarsu.

Rigimar wuta da shanu

A nan ne awo ya kai iyakarsa. Ga makiyayi, ƙaruwar kurmi asara ce tsagwaronta. Inuwa na kawo tsando, tsando na kawo sammore. Mutanen Adamawa ba su manta da yadda aka yi ta feshi daga 1976 har zuwa 1994 kafin a ƙwato wasu makiyayu daga ƙudan nan ba. Ga kuma ciyawar nan da ake kira bokasa, 'yar asalin nahiyar Amurka, wadda shanu ba sa ci, tana mamaye wurin da aka cinye, 'yan itatuwan kurmi kuma suna samun mafaka a ƙarƙashinta. Abin da ba a cika faɗa wa alhazan da ke da garke ba shi ne shanunsu na cikin masu jawo kurmin. Inda garke ya yi yawa ciyawa ba ta taruwa, wuta ba ta samun abin ci, itace ya samu sarari. Ruwa ba ya tsami banza.

Su ma masu gandun ba bakinsu ɗaya ba. Mai kula da biri mai ganga yana murna da kowace hekta ta sabon kurmi. Mai kula da mariya da gwambaza yana ganin gidansu ne ke tsukewa, kuma abin da ya sa gandun ya yi fice tun farko shi ne haɗuwar fili da kurmi. Tun 2000 akwai taurarin da ke nuna inda wuta ke ci kowace rana, saboda haka sanin yaushe aka ƙona ina ba shi da wuya. Mai wuyar shi ne a ce ga inda za a bar wa kurmi, ga inda za a riƙa ƙonawa da gangan a ƙarshen rani don fili ya zauna fili. Wannan shawara ce, ba lissafi ba, kuma ba za ta yi ƙarko ba in an yanke ta a Yawunde cikin rahoton Faransanci. Wurin karanta sakamakon ƙidaya shi ne fadar Lamiɗo, da Fulatanci da Hausa da Gbaya, gaban arɗo da sarkin shanu da sarkin ruwa, a kafa taswira a bango a ce ga inda aka ga kashin shanu bana, ga inda aka gani shekara biyar da suka wuce. Wanda aka ƙirga sawunsa yana da haƙƙin ya ji adadin, ya kuma musa in yana da abin musu.

Abu biyu ke kashe irin wannan aiki, kuma duka biyun an gan su a kusa da mu. Na farko ƙarya. Baƙin karkandan yammacin Afirka a arewacin Kamaru ya yi zamansa na ƙarshe. Shekaru ana kawo rahoton an ga sawunsa, har aka yi babban bincike a 2006 ba a samu ko ɗaya ba, aka kuma gano cewa wasu sawun da hannu aka ƙera su, don masu bin sawu kada aikinsu ya ƙare. A 2011 aka sanar ya ƙare a duniya. Ba na ɗora laifin duka kan talakan da ya ƙera sawu. Duk tsarin da abincin mutum ya dogara da ya ce “akwai”, to “akwai” za a ji. Ma'aikacin da ya taka layi ya dawo da takarda fara ya cancanci ladansa cif, don babu ɗin ma sakamako ne.

Na biyu yankewa. A gandun Lope na Gabon an riƙa duba itatuwa ɗaya-ɗaya kowane wata tun 1986, ana rubuta ko sun yi fure ko sun yi 'ya'ya. Sai a 2020 aka fitar da abin da ya taru: 'ya'yan itatuwa sun ragu da kashi 81 cikin ɗari tsakanin 1986 da 2018, giwayen wurin kuma sun rame da kashi 11 cikin ɗari a shekaru goman ƙarshe. Kurmi ne da ake tsaro sosai, daga sama ba abin da ya same shi. Da an dakatar da aikin a shekara ta biyar don kuɗin wani shiri ya ƙare, ko an canza salon awo don sabon shugaba ya zo da nasa, da babu wanda zai sani. Ƙidaya ɗaya, komai kyanta, ba ta nuna hawa ko sauka.

Mbam da Jerem yana shiga lokacin da wannan zai yi masa amfani. Ta gabas jirgin ƙasan Yawunde zuwa Ngaundere yana wucewa tun 1974, kuma an daɗe da sanin naman daji na bin sa zuwa kudu. Ta yamma, hanyar Ntui zuwa Yoko zuwa Tibati, wadda da damina take cinye wa mota kwanaki, ana ta shimfiɗa mata kwalta a 'yan shekarun nan. Ga maganar haƙar ma'adinin bokzit a Ngaundal da Minim-Martap. A Yulin 2024 an yi sabuwar dokar gandun daji da ta maye gurbin ta 1994 ta kuma tsananta hukunci, amma doka ba ta ƙirga tarko. Kwalta alheri ce ga mai kai doya da zuma da mara lafiya, kuma ita ce za ta sa gadar da aka kashe da asuba ta isa Yawunde kafin dare ba tare da an yi bandarta ba. Layukan da aka taka a yammacin gandun kafin kwalta ta iso su ne abin kwatance yanzu. Su ya kamata a sake takawa, a watannin da aka taka su, da tef iri ɗaya, a haɗa da farashin nama a tashoshin Yoko da Tibati da adadin tarwaɗar da ke cika kwali a Mbakau.